Matashin da ya gyara mana jerin membobi a WordPress

Ƙungiyarmu ta manoman shinkafa a Argungu na ajiye sunayen membobi a WordPress, manhajar gina shafin intanet. Na ba wani matashi a Birnin Kebbi aikin ƙara layin buhunan da kowa ya kawo, yadda ina danna kan layin zai jera su daga mai yawa zuwa mai kaɗan.

Tashin farko sai ga mai buhu 90 a saman mai 200. Ya ce, "Baba, lambar ce yake karantawa kamar harafi." A cikin umarnin da ke jera sunayen, ya mayar da meta_value, mai jerawa kamar harafi, zuwa meta_value_num, mai jerawa kamar lamba, take ya daidaita, ko kobo bai ƙara ba.

Saura matsala ɗaya: wanda ba a rubuta wa buhu ba, ɓacewa yake in an jera, sai mun sa masa 0 da hannu. Duk da haka, gobe ma shi zan kira.