Kunkurun ƙasarmu a Amurka, da abin da ake ba shi ya ci

Salamu alaikum 'yan uwa na gida. Akwai abin da ya tsaya min a rai tun ranar da na raka maƙwabciyata, wata dattijuwa Baturiya, shagon kayan dabbobi a nan jihar Ohio, ita ba ta iya tuƙi yanzu shi ya sa nake kai ta. Tana da kunkuru a gida. Muna shiga sai ga layi guda cur na kayan kunkuru da ƙadangaru kawai, busasshiyar ciyawa a leda mai kyau da farashi a jiki, garin sinadarin ƙashi a gwangwani, ƙwan fitila kala-kala. Yaron shagon ya ji harshena ya tambaye ni daga ina, na ce arewacin Najeriya, wallahi sai ya washe baki ya ja ni gaban wani akwatin gilashi ya ce ai wannan ɗan garinku ne. Na duba, kunkurunmu ne sak, mai ruwan ƙasa ɗin nan, su suna ce masa sulcata. Sai ya ce in gaya masa me muke ba shi a gida, na ce masa gaskiya, sauran tuwo da ƙanzo da shinkafar da ta kwana. Kallon da yaron nan ya yi min har yau yana ci min rai, ɗan da bai fi sa'an ƙanina ba amma ya tsaya yana karanta min yadda ake ciyar da dabbar ƙasata a gaban mutane.

Kuma abin haushin, gaskiya ya faɗa. Wannan kunkurun na Sahel ne, daga Senegal da Mali da Nijar da Chadi har Sudan, duk duniya in ka cire manyan kunkuran tsibiran teku babu kunkurun tudu da ya kai shi girma, yana wuce kilo 40 kuma yana iya shekara 70. Cikinsa na ciyawa ne kamar na saniya, abincinsa kusan duka ciyawa ce ɗanya ko busasshiya, sai ɗan ganye a kai. Tuwo, burodi, nama, abincin kare, duk suna sa shi girma da gaggawa, ƙoƙon bayansa ya yi tudu-tudu maimakon ya yi sumul, ƙodarsa ta lalace. Ko 'ya'yan itace ma ba a so, zaƙin yana ɓata masa ciki ya yi ta zawo. Har harawa da nake ganin ita ce gata, wai ta yi ƙarfi da yawa a ce kullum ita ce.

To ku ji abin da matar nan take kashe kuɗi a kai. Ciyawar da suke kira ta Bermuda, da na buɗe ledar na duba ai kiri-kiri ce, wadda muke nomewa a bakin rariya muna zubarwa. Ganye da furen da take nema ruwa a jallo dangin yakuwa ne da rama. Rana kuwa ba ta da ƙarfi a nan lokacin sanyi, ga dusar ƙanƙara, to sai an saya masa ƙwan fitila na musamman mai irin hasken rana, don in babu shi jikinsa ba ya iya amfani da sinadarin ƙashin da take barbaɗa masa a abinci, ƙoƙon ya yi laushi ƙafafu su kasa ɗaukarsa. Ƙwan kuma sai an canja shi duk wata 6 zuwa shekara ko da yana kawo wuta. Ga na'urar ɗumama ɗaki dare da rana, ga kuɗin lantarki. Ranar da nake tsaye a ɗakin kunkurun nan ina jin ɗumi, wallahi gida na tuna, hantsin Disamba a tsakar gida ana shan rana, abin da ba mu taɓa ɗauka a bakin komai ba.

Ba wai komai nasu ya burge ni ba fa. Likitan dabbobi ya ga kunkurun maƙwabciyata cikin satin da ta kira, har da hoton ƙashi, ni kuwa mutum ɗan Adam sai in jira makonni kafin in ga likita, in na gani kuma takardar kuɗi ta biyo ni gida. Sannan suna sayar da jariransa ƙanana da ba su cika tafin hannu ba, mutane su saya wa yara don sha'awa, bayan 'yan shekaru ya zama ƙato yana tone lambu yana ture shinge, sai su kwasa su kai gidajen da ake karɓar dabbobin da aka gaji da su. Tun shekarar 2000 Amurka ta hana shigo da shi daga Afirka saboda kaskar da ke jikinsa mai ɗauke da cutar shanu, kusan duk na nan a nan aka ƙyanƙyashe su, sun yi yawa har ana rasa mai so, alhali a dajinmu ƙarewa yake yi, yana cikin jerin dabbobin da ake tsoron ɓacewarsu.

Amma mu ma sai mu ji tsoron Allah. Gida nawa ake ajiye kunkuru wai don tsari, a huda gefen ƙoƙonsa da ƙusa a ɗaure da igiya a bayan ɗaki? Ƙoƙon nan ƙashi ne mai rai, yana jin zafi. Ana cewa ai ba ya shan ruwa, ƙarya ne, yana sha. A daji rami yake tonawa mai zurfi ya shige inda ƙasa ke da danshi ya tsere wa zafin bazara, mu kuma mun ɗaure shi a kan siminti yara na hawansa.

Don Allah wanda ya je gidanmu ya faɗa wa Inna a kwance wa kunkurunta igiyar nan, a daina zuba masa sauran kwano. A bar kiri-kirin bayan gida ta tsiro, a riƙa yanko masa harkiya da ganyen yakuwa, a ajiye masa ruwa a faffaɗan faranti marar zurfi, a kuma bar masa wajen ƙasa mai inuwa da zai tona. Kuɗin ciyawar rani ni zan turo.