Wane Littafin Saibafank Za Ka Fara Saya, Kuma A Hannun Wa?

Saibafank labarai ne na duniyar da fasaha ta yi gaba ta bar talaka a baya, kamfanoni sun fi gwamnati ƙarfi, masu kutse suna farautar bayanan mutane. In kuɗin littafi ɗaya gare ka, malam, kada ka tsaya kame-kame, Neuromancer na William Gibson za ka nema.

A 1984 ya fito, ya lashe kyaututtukan Hugo da Nebula da Philip K. Dick baki ɗaya, alhali a tafireta marubucin ya buga shi. Tauraron, Case, ɗan kutse ne da ya ci amanar iyayen gidansa, suka lalata masa jijiyoyi da guba don kada ya ƙara shiga duniyar kwamfuta. Yana cikin gararamba a birnin Chiba na Japan sai ga wanda zai biya a gyara shi. An gyara shi kuwa, amma an dasa masa ƙunshin gubar nan a jiki, tana narkewa a hankali, sai ya gama wa wanda ya biya ɗin aiki za a cire. Wannan wurin ne ya tsaya min a rai. Wanda manhajar bashi ta taɓa kwashe lambobin wayarsa ta aika wa surukansa saƙon cin mutunci ya san irin wannan taimakon. Turancin littafin da tauri, babin farko sai an daure.

Littafin Snow Crash na 1992 shi ya kawo sunan metabas, wato duniyar cikin kwamfuta da mutane ke shiga su yi hulɗa, sunan da Facebook ya rungume a 2021, amma surutu da barkwanci sun yi masa yawa. Altered Carbon kuwa jini da batsa ne, ba na ajiyewa a falo ba.

Zaɓen littafi ba shi ne wahalar ba, samun na gaskiya ita ce. Wanda na fara saya a wani shago, littafin bogi ne: bango fes, a tsakiya kuwa an tsallake shafuka an maimaita wasu, tawada ta huda takarda har bayanta. Don haka ka buɗe tsakiya ka bi lambobin shafi, ka ɗaga takardar a haske, ka ɗan lanƙwasa gindin ka ga ko gam zai saki. Mai shago da ya hana ka cire leda, ba shi kayansa.

Na intanet sun fi muni. Wani zai sa hoton littafi, ka tura kuɗi, ya toshe ka. Wani ya ce ga shi kyauta amma sai ka sauke manhaja ko ka sa lambar katin banki. Littafi ba ya neman izinin karanta saƙonninka. Ga kuma sabon salo, taƙaitaccen bayani da ƙirƙirarriyar basira ta harhaɗa, an yi masa bango mai kama da na asali. Duba sunan marubuci harafi-harafi da yawan shafuka, kuma kada ka biya sai kaya ya zo hannunka.