Kaskazi ko kusi: wane lokaci ya fi dacewa da bin gaɓar Afirka ta Gabas?

Wani ɗan'uwa a cikinmu ya yi tambaya cewa, ga mai niyyar bin gaɓar tekun Kenya da Tanzaniya da jirgin ruwa mai filafilai, yana kwana inda ya jefa anka, wanne ya fi tsakanin lokacin kaskazi da na kusi. Waɗannan su ne sunayen da Suwahilawa ke kiran iskokin shekara biyu, masu karɓa-karɓa kamar iskar hunturu da ta damina a ƙasar Hausa.

Kaskazi tana busowa daga arewa maso gabas, daga wajen Disamba zuwa Maris, kuma ba ta cika ƙarfi ba. Ita ce ke kawo jiragen fatake daga Oman da Indiya zuwa Lamu da Mombasa da Zanzibar tun zamanin da. Kusi kuwa daga kudu take zuwa, daga Afrilu zuwa wajen Oktoba, kuma ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba, musamman a Yuni da Yuli.

Abin da ya kamata ɗan'uwanmu ya fara dubawa shi ne inda ya dosa, domin a yawancin wannan gaɓa ruwan teku arewa yake gudu duk shekara. A lokacin kusi gudun nasa kan kai kilomita 6 zuwa 7 a awa, saboda haka wanda ya tashi daga Kilifi ta Kenya ya nufi kudu zuwa tsibirin Pemba a watan Yuli zai yi fama da iska da ruwa gaba ɗaya, ya yini yana kai da kawo ba tare da ya ci wata tafiya ba. Mai zuwa kudu ya jira kaskazi, lokacin da gudun ruwan ke raguwa, iska kuma tana bayansa.

A wajen zaman anka lamarin ya juya. Kaskazi lokacin zafi ne da gumi, cikin jirgi ba ya kwantuwa da rana sai an shimfiɗa rumfa a bisansa, kuma wurare irin su Nungwi, a ƙuryar arewacin Unguja, babban tsibirin Zanzibar, a buɗe suke ga iskar, jirgi ya kwana yana tangaɗi. A lokacin kusi dare na da sanyi, yammacin Unguja da Pemba kuma na samun kariyar tsibiran, sai mutum ya yi barci har asuba, da hantsi masunta su matso da kwale-kwalensu na ngalawa da kifin da suka kamo. Amma a guji Afrilu da Mayu, domin ruwan masika, wato babbar daminar yankin, na zuba kamar da bakin ƙwarya, kuma a Mayun 2024 ne guguwar Hidaya ta afka wa tsibirin Mafiya, da ke kudu da Zanzibar.

A kowane lokaci, bambancin cikar teku da janyewarta a nan yakan kai mita 4, don haka a auna sarƙar anka da zurfin ruwa sa'ad da ya cika, a saki sarƙa ninki huɗu ko biyar na zurfin. A nemi farin yashi a jefa ankar, kada a jefa ta kan murjani, domin sarƙa na kakkarya abin da ya yi shekaru aru-aru yana girma, wannan kuwa ɓarna ce da ke damuna ƙwarai.

A ganina, idan zaman ankar ne babban burinsa, ya fara daga Mafiya a watan Satumba, lokacin da kusi ta fara lafawa, ya bi ta sannu a hankali zuwa Lamu a arewacin gaɓar Kenya.