New Order: Daga Jita da Ganga Zuwa Injin Kiɗa

Bayan rasuwar mawaƙinsu Ian Curtis a 1980, sauran 'yan ƙungiyar kiɗa ta Joy Division ta birnin Manchesta a Ingila suka koma New Order, Gillian Gilbert ta shigo cikinsu. Faifansu na 1981, Movement, bai bar tsohon salon post-punk, wato kiɗan rock da ya biyo bayan salon punk, ba: Stephen Morris na dukan ganga da hannu, Peter Hook na jan launin waƙa a saman wuyan jitar bes, ga amon ɗaki mai sanyi irin na Martin Hannett, wanda ya tsara sautin faifan. Saurin kiɗa kan ɗan motsa, domin mutum ne ke riƙe da shi.

A waƙarsu Blue Monday ta 1983, wadda ta haura minti 7, injin Oberheim DMX ne ke buga ganga, na'urar haɗa sauti ta Moog Source na ba da bes, na'urar jera sauti ta Powertran da Bernard Sumner, mawaƙin ƙungiyar, ya harhaɗa da kansa na tuƙa ta. Inji ba ya gajiya, amma ba ya gyara kuskure. Gilbert ta tsallake wani gurbi lokacin shigar da sautuka, launin ya goce daga bugun ganga, suka bar shi haka. A dandali kuwa, mai ganga kan jira mawaƙi idan ya makara; injin wucewa kawai yake yi.