Aikin sa kai don tsuntsayen da ke neman ƙarewa: wanne ya cancanci kuɗinka da lokacinka?

Duk wanda ya taso kusa da kwata ya san yadda ungulaye ke jeruwa kan katanga suna jiran mahauta su gama fiɗa. Yau sai ka shekara a wasu garuruwa ba ka ga ko ɗaya ba. A 2015 hukumar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ungulun namu na gida cikin jerin halittun da ke bakin ƙarewa, a 2016 kuma akun kurmi ya shiga jerin waɗanda ke cikin haɗari saboda kamun 'yan kasuwa. Gauraka, wadda ake kira tsuntsuwar ƙasa a Najeriya, ganinta ma ya zama labari. Saboda haka ban yi mamaki ba da matasa, musamman 'yan jami'a masu karatun halittu da gandun daji, ke tambayar inda za su je su ba da gudummawa. Da ka shiga intanet kuwa, tallace-tallace za su yi maka ca. Ga yadda nake kallon hanyoyin da ke akwai.

Wadda ta fi cika ido ita ce ta biya ka je. Kamfani ko ƙungiya za ta ce ka zo Kosta Rika ko Peru na mako biyu zuwa huɗu, ka yi aiki da manyan aku masu dogon wutsiya, ko ka je tsibiran Seshel. Kai za ka biya masauki da abinci da kuɗin shiri, wanda kan kai ɗaruruwan daloli a mako, ban da jirgi da biza. Ba duka ne na bogi ba. Tsibirin Cousin da ke Seshel, alal misali, wuri ne mai tarihi na gaske: a 1968 masu kare tsuntsaye suka saye shi saboda wata 'yar tsuntsuwa mai waƙa da ba ta kai talatin ba a duniya, yanzu kuwa ana lissafa ta da dubbai. Ƙungiyar Nature Seychelles ce ke kula da shi. Wanda ya je can zai ga abin da ake kira nasara da idonsa.

Amma a san abin da ake saye. Mako biyu ba ya isa mutum ya koyi ciro tsuntsu daga raga ba tare da ya karya masa ƙafa ba, balle a bar shi ya sa masa zoben shaida a ƙafa. Abin da baƙon mako biyu ke yi shi ne yanka gwanda da ayaba, wanke keji, share hanya, riƙe wa wani littafin rubutu. Gudummawarsa ta ainihi kuɗin da ya kawo ne, kuma babu laifi a hakan idan kuɗin na isa wurin. Nan ne ake cutar mutane. Da yawa daga masu tallan dillalai ne da ke zaune a Turai, su karɓi nasu, su tura wa masu aikin saura. Kafin ka saki ko sisi, ka tambaye su sunan ƙungiyar da ke ƙasa, sannan ka rubuta wa ƙungiyar kai tsaye ka ji farashinta. Kuma duk tallan da ya yi maka alkawarin ɗaukar hoto da tsuntsu a kafaɗa, ka wuce. Tsuntsun da ake shirin mayarwa daji ba a son ya saba da hannun mutum. Ga mai samu da naira ko sefa, gaskiya wannan hanya ba ta biyan kuɗinta, sai dai in yawon buɗe ido ake so, a kira shi da sunansa.

Hanya ta biyu ita ce zaman watanni tare da ƙungiyar da ke gudanar da aikin da kanta. Misalin da ya fi fice shi ne Mauritian Wildlife Foundation a tsibirin Morishiyas. A 1974 ɗan ƙaramin shahon tsibirin guda huɗu kacal aka sani sun rage a daji, bayan sare kurmi da feshin maganin ƙwari na DDT. Tantabararsu mai ruwan hoda ta sauko zuwa wajen goma a farkon shekarun 1990. Masanin halittu Carl Jones da abokan aikinsa suka dawo da su ta hanyar ƙyanƙyasa a keji, kafa akwatunan sheƙa, ƙarin abinci, da yaƙi da ɓeraye. Yanzu kowanne ana maganar ɗaruruwa. Masu sa kai na da hannu sosai a wannan, amma irin waɗanda ke zama watanni, ba 'yan leƙe ba.

Aikin ba shi da kyan hoto. Ka tashi da asuba a gandun Black River Gorges, ka cika mazubin abinci, ka zauna awa biyu ko uku kana karanta launin zoben ƙafar kowace tsuntsuwa: ja a kan shuɗi a dama, ƙarfe a hagu. Ka hau bishiya da igiya ka leƙa akwati, ka bi tarkuna ka kwashe matattun ɓeraye. Wanda ba ya iya kashe ɓera don ƙwai ya tsira, ya sake tunani. Irin waɗannan gurabe neman su ake yi kamar aiki, da takardar bayanin kai da shaidar wanda ya san ka, kuma sun fi son mai digiri a fannin da ya taɓa aikin daji. Wasu kan ba da masauki, amma jirgi da ci da inshora yawanci a wuyanka suke. Ka tantance batun takardar izinin zama tun kafin ka sayi tikiti, ka kuma tanadi katin rigakafin shawara. Abu ɗaya mai sauƙi a Morishiyas: akwai Musulmi da yawa, abincin halal da masallaci ba wahala a gari.

Yanzu ga wadda na fi so a fara da ita, ta gida. A Laminga kusa da Jos akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis, wato APLORI, ƙarƙashin Jami'ar Jos, a gefen dajin Amurum. A duwatsun nan ake samun wata 'yar jar tsuntsuwa da masana ba su ba ta suna ba sai 1998, da wata baƙa da ke saka ƙwanta a sheƙar jar tana kwaikwayon kukanta. Cibiyar ce ke jagorantar shirin taswirar tsuntsayen Najeriya, NiBAP, wanda aka soma a 2015. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida wajen kilomita 9 tsawo da faɗi. Kai dai ka zaɓi ɗaya, ka yi aƙalla awa biyu kana zagaya shi, ka shigar da duk tsuntsun da ka gani ko ka ji a manhajar BirdLasser. Ba za ka biya ko kwabo ba, kuma akwai gidaje a Arewa da ba a taɓa rubuta komai a kansu ba. Lissafin da ka yi a bayan garinku, har da rashin ungulu a kwata, bayani ne da ɗan Turai mai dala ba zai samo ba.

Sai ƙidayar tsuntsayen ruwa da ake yi kowane Janairu a duniya, wadda a wurinmu dausayin Haɗeja da Nguru ne cibiyarta, inda ƙungiyar kare muhalli ta Najeriya, NCF, ta daɗe tana aiki. Can ne za ka san sanyin hunturu a cikin kwalekwale, ciyawar kacala ta toshe hanya, mai tuƙi na neman mashiga. Garken kirinjijiya ya tashi gaba ɗaya, sai wanda ya ƙware ya koya maka: kada ka ƙirga ɗaya-ɗaya, ka ƙirga hamsin, ka riƙe girman wannan gungun a ido, ka riƙa aza shi a kan sauran. Ranar farko na yi kuskuren ninki biyu, aka yi mini dariya, aka sake sa ni.

Akwai kuma aikin da mai Hausa ya fi kowa dacewa da shi: zama da mahauta, mafarauta da masu maganin gargajiya kan cinikin kan ungulu da ƙwanta. Wannan magana ce ta "Baba, ina neman sani", ba ta takardar tambayoyi ba, kuma ba a yin ta da tafinta. A Nijar ma ƙungiyar Sahara Conservation na bibiyar sheƙunan ungulaye a duwatsun Kutus, tana kuma kiwon jimina a Kelle. Sai dai ko'ina za ka shiga daji a yankinmu, ka fara tambayar halin tsaro, ka gai da mai gari kafin ka ɗaga madubi, don kada a ɗauke ka ɗan leƙen asiri.

Duk hanyar da ka zaɓa, tambaya ɗaya ke raba gari da tsakuwa: ina bayanan da na tattara za su je, kuma wa zai ci gaba da duba sheƙar bayan na tafi? Wanda ya kasa ambata maka rumbun bayanai ko rahoton shekara, ko ma'aikaci ɗan ƙasa da ke wurin rani da damina, ka riƙe kuɗinka.

Abin da kawai zan ce ka kashe wa kuɗi tun yanzu shi ne madubin hangen nesa. Ɗauki 8x42, mai jawo abu sau takwas: ya fi 10x42, mai jawo abu sau goma, faɗin gani da haske a ƙarƙashin bishiyoyi, kuma hannu ba ya rawa da shi sosai. Mai 10 sai wanda zai fi zama a buɗaɗɗen dausayi. Ka guji na gefen titi masu jan gilashi da ake cewa suna jawo abu sau hamsin, ciwon kai kawai za su ba ka. Ka haɗa da littafin Borrow da Demey na tsuntsayen Afirka ta Yamma, ko da na hannu ne. Shekara ɗaya kana cika gidajen taswira, ka halarci ƙidayar Janairu sau ɗaya, za ka sami abin rubutawa a takardar neman gurbin Morishiyas, da kuma malamin da zai sa maka hannu.