Famfon VorTech MP40 da batirinsa a tankin murjani, ga mai zama inda ake ɗauke wuta

Duk wanda ya tambaye ni abin da zai fara saya idan yana son kiwon murjani (halittar teku ce mai rai, mai kama da tsiro) da kifin teku a ƙasar nan, ina ce masa ya bar maganar fitila da kifi tukuna, ya fara tanadin abin da zai ci gaba da kaɗa ruwa bayan an ɗauke wuta. Ni wanda nake amfani da shi famfon VorTech MP40 ne, na kamfanin EcoTech Marine da ke jihar Pennsylvania a Amurka, tare da batirin ko-ta-kwana da suke sayarwa daban. Tankina mai lita 300 ne, yana falona a Kano. A ciki akwai kifayen nan masu ruwan lemo da ratsin fari, mace da namiji, da wasu ƙanana, sai murjani masu taushi da 'yan dodon koɗi masu share gansakuka.

Mutane suna zaton rashin haske ne ke kashe tanki idan wuta ta tafi. Murjani yana iya jure 'yan kwanaki babu fitila. Iska ce ke fara ƙarewa. Ruwan gishiri tun asali bai kai ruwan daɗi riƙe iskar oksijin ba, yana gaza shi da kusan kashi ɗaya cikin biyar, kuma duk sadda ya ƙara ɗumi sai abin da yake riƙewa ya ƙara raguwa. Ga kifi yana shaƙa, ga murjani, ga ƙwayoyin halittar da suka cika ramukan duwatsu, waɗanda su ne ke tsabtace ruwan. Da dare abin ya fi muni, domin babu hasken da zai sa gansakuka ta saki iska. Idan saman ruwa ya tsaya cik, cikin 'yan sa'o'i za ka ga kifi ya hauro sama yana buɗe baki da sauri, kumatunsa na bugawa. Na ga haka a tankin wani abokina da asuba, kuma ba na fatan sake gani.

Abin da ya fara jan hankalina a famfon shi ne yadda aka ƙera shi gida biyu. Injin yana manne a bayan gilashi, a waje, farfelar kuma tana cikin ruwa, maganaɗisu ne ya haɗa su ta cikin gilashin. Babu wayar wuta ko ɗaya da ke shiga ruwan gishiri, wanda mai yara a gida ya san darajar hakan. Sannan zafin injin a iska yake tafiya, ba ya shiga ruwa. Ga mutumin Turai wannan ƙaramin abu ne, ga wanda ya san Afrilun Kano da ke haura digiri 40 kuwa babban abu ne, tunda murjani ruwa mai digiri 25 zuwa 26 yake so.

Ruwan da yake turawa shimfiɗaɗɗe ne, ba ya harbi wuri ɗaya. Ina barinsa a tsarin da suke kira Reef Crest, inda ƙarfin ke hawa yana sauka ba tare da ka san lokacin ba. Akwai wani murjani kore da nake da shi mai dogayen yatsu masu taushi. Da tsohon famfona yatsun kullum a kwance suke gefe guda, na ɓangaren da ruwa ke duka ma ba sa buɗewa sosai. Yanzu suna rangaji, su tafi dama su dawo hagu, kamar gero a gona da yamma, kuma dattin da ke taruwa a bayan duwatsu ya daina zama. Lokacin ba da abinci akwai maɓallin da ke rage gudu na ɗan lokaci, sai ya koma da kansa. Ƙara kuwa, idan ka daidaita gidajen biyu sosai, fankar sama ta fi shi surutu.

Amma batirin ne ya sa na zauna rubuta wannan. Gidana akwai inbata da sola, sai dai na kowa ne a gidan: firij, fanka, cajin waya, talabijin ɗin yara. A daren da hadari ya rufe rana tun safe, kafin asuba inbata ta kan yi ƙara ta mutu, ni kuwa ina barci. Batirin famfon, mai bolt 12, kullum a jone yake yana caji. Da zarar wutar bango ta yanke, famfon yana komawa kan batirin nan take, ya rage gudu domin cajin ya daɗe, ba sai wani ya taɓa komai ba. Na ɗan ɗaga shi kusa da sama, yadda ko a wannan raguwar gudun saman ruwan yana motsi. Sau da yawa sai da safe nake gane an kwana babu wuta, in tarar kifaye suna iyo kamar ba abin da ya faru. Batiri ɗaya kuma yana ɗaukar famfo biyu.

Babbar jarrabawa ta zo a ƙarshen Oktoban 2024, lokacin da aka yi fiye da mako guda babu wuta a yawancin jihohin Arewa saboda lalacewar manyan layukan da ke kawo ta. Man janareta ya yi tsada tun cire tallafi a Mayun 2023, ba wanda zai kwana yana ƙona shi saboda kifi. Abin da na yi shi ne, da rana sola ta ɗauki famfon da ke maido da ruwa daga tankin ƙasa (wani tanki ne a ƙarƙashin babban, inda ruwa ke gangarawa a tace shi), da na'urar tace dauɗa mai kumfa, da fitila na ɗan lokaci, batirin kuma ya sha caji. Da dare in kashe komai in bar VorTech shi kaɗai. Na rage abinci sosai, domin abinci da kashin kifi iska suke ci. Murjani sun ɗan koɗe, wasu sun tsuke, amma ban rasa kifi ko ɗaya ba, kuma launin ya dawo bayan wuta ta daidaita.

Kada wani ya saya da zaton ya gama da matsalar wuta. Famfo ba ya sanyaya ruwa. Idan zafi ya haura kima ya daɗe, murjani yana korar ƙananan halittun da ke zaune a jikinsa suna ciyar da shi, sai ya yi fari fat, irin abin da ake gani a manyan tekuna. Na'urar sanyaya ruwa kuwa wuta take ci da yawa, ƙaramin batiri ba zai ɗauke ta ba. A lokacin bazara ƙaramar fanka mai caji nake sa wa tana hura saman ruwa, kuma da yake iskarmu busasshiya ce, hakan yana sauke zafin sosai. Sai dai ruwa yana tsotsewa da sauri ya bar gishiri a baya, don haka ciko da ruwan daɗi tatacce na injin RO ake yi, irin wanda masu fiya wata ke amfani da shi, ba da ruwan gishiri ba, domin ma'aunin gishirin ruwan ya tsaya a 1.025 zuwa 1.026. Ranar da abin ya tsananta, robobin ruwa masu ƙanƙara nake jefawa a tankin ƙasa, a rufe gam. Da hunturu kuma hita ake bukata, ita ma ba ta hawa wannan batirin.

Batirin irin na dalma ne rufaffe, yana da nauyi, kuma kowane batiri irinsa zafi yana rage masa kwana. Nawa yana ƙasa a lungu mai iska, nesa da taga da feshin gishiri. Lokaci-lokaci ina zare filogi da gangan in tsaya in ga ko ya karɓa. Farfelar kuma tana tara farin dutse, sai in jiƙa ta a ruwan khal in goge da tsohon buroshi.

Tsada kam akwai ta. Famfon da batirin kowanne da kuɗinsa, a dala, ga kuɗin dakon kawowa, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 lissafin ya ƙara nauyi. Mai ƙaramin tanki na kifi zalla, wanda kuma kullum akwai wani a gida, ƙaramin famfon kumfa mai caji zai iya tsare masa dare guda a kuɗi kaɗan, ni ma ina da ɗaya a ajiye. Amma mai murjani, mai fita aiki ko tafiya kasuwa wani gari, ina ba shi shawarar VorTech da batirinsa da zuciya ɗaya. Idan tankinka ƙarami ne, akwai ƙanen MP40, wato MP10, shi ma yana hawa batirin nan. Ka auna kaurin gilashinka kafin ka yi oda, domin kowanne da iyakar kaurin da maganaɗisunsa ke riƙewa.