Keken zama ko na turawa ga yaro mai wata 7?

'Yar uwar da ta tambaya wanne za ta saya wa ɗanta mai wata 7, keken koyon tafiya na zama mai tire a gaba ko wanda yaro ke turawa a tsaye: na turawa za ki saya, amma ba a wannan watan ba. Na zaman kuwa ki bar wa mai shago kayansa.

Duka biyun sun taɓa shigowa gidana. Abu ɗaya zan yaba wa na zama, yana ba uwa minti goma ta huta da ɗauka. Ban da wannan, kuɗinsa na cikin waɗanda na yi da-na-sanin kashewa.

Matsalarsa ta farko gudu ne. Yaron da ko rarrafe bai iya ba, in ya samu tayil mai santsi a cikin keken nan, yana iya cin kusan mita 1 a daƙiƙa 1. Ki auna daga inda kike zama a falo zuwa bakin ƙofa. In mita 4 ne, to daƙiƙa 4 gare ki, kuma biyu daga ciki sun tafi kafin ki ajiye abin da ke hannunki ki miƙe. Shi ya sa maganar "ai ina kallonsa" ba ta tsare komai. Yawancin haɗurran keken nan suna faruwa ne babba na cikin ɗakin, kafin ƙiftawa da bismillah an gama. Da tayar gaba ta zarce bakin matattakala, ko da taki ɗaya ne, keken ya kifa. Yaron yana maƙale a mazauninsa, ba damar ya mirgina ko ya tare da hannu, ga shi kan jariri na da nauyi sosai in aka kwatanta da girman jikinsa. Kai ne ke fara isa ƙasa, keken ya biyo shi a sama.

Ta biyu tsawo ne. Keken yana ɗaga yaro ya kai inda da ƙafarsa ba zai kai ba sai bayan watanni: bakin tebur mai kofin ruwan zafi, wayar dutsen guga da ke lilo, mariƙin tukunya, kwalbar magani, bokitin da aka jiƙa wanki. Ruwan da bai wuce santimita 5 ba ya isa ya halaka jariri in ya kifa a ciki da fuska. Gida kina tsare shi ne daidai da iyawar yaro, a hankali, kina ganin abin da ya koya yau kina kawar da abin da zai kai gobe. Keken zama yana tsallake wannan lissafin a yini ɗaya.

Ba tsoratarwa nake yi ba. Wani bincike da mujallar Pediatrics ta buga a 2018 ya ƙiyasta cewa daga 1990 zuwa 2014 an kai yara sama da 230,000 'yan ƙasa da wata 15 sashen gaggawa na asibitocin Amurka saboda wannan keken. Kimanin kashi 74 cikin 100 faɗowa suka yi daga matattakala, kuma kusan 9 cikin kowane 10 a kai ko wuya suka ji ciwon. Kanada ta haramta sayar da shi da shigo da shi da tallarsa tun 2004, har da wanda aka yi amfani da shi. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta daɗe tana neman a yi hakan a can ma.

Da a ce yana koyar da tafiyar ne, da sai a ce a yi hattara kawai. To ba ya koyarwa. Ki tsuguna ki kalli ƙafar yaron da ke ciki. Mazaunin ne ke ɗauke da nauyinsa ta tsakanin cinyoyi, jikinsa ya rusuna gaba, yana tunkuɗa ƙasa da 'yan yatsu, diddige a sama. Sha-raɓa na aiki, amma ƙugu da baya da ciki, waɗanda su ne ke riƙe mutum a tsaye, suna hutu. Tiren ya rufe masa ƙafafu, ba ya ganin inda yake takawa. Kuma ba ya tangaɗi ya gyara kansa, ba ya faɗuwa zaune ya sake miƙewa, alhali da wannan faɗi-tashin ake koyon tsayuwa. A 2002 mujallar likitoci ta BMJ ta buga wani bincike daga Ireland a kan jarirai 190: duk awa 24 da yaro ya tara a cikin keken ta zo da jinkirin kwana 3 da ɗoriya wajen fara tafiya shi kaɗai. Yaron da ake sakawa awa 2 kullum yana tara awa 24 ɗin nan cikin kwana 12.

Na turawa akasin haka yake, domin nauyin yaro a kan ƙafarsa yake. Ki lura da mai wata 10 ranar da ya fara kama shi. Zai rarrafo ya dafa mariƙin da hannu ɗaya, ya kafa gwiwa, ya ja jiki ya miƙe yana rawar ƙafa. Sai ya tsaya cak, yatsun ƙafarsa sun baje suna damƙe ƙasa. Keken ya ɗan motsa, ya bi shi da taki ɗaya, ya waiwayo ya ga ko an gani. Taki uku sai ya zauna daɓas, ya yi dariya, ya sake kamawa. In ya gaji sai ya saki da kansa, ba ya jiran a zo a cire shi. Kuma ba ya zama kayan ajiya bayan an iya tafiya: mai akwati a gaba shi ne motar ɗibar takalma da kayan wasa daga ɗaki zuwa ɗaki har shekara 2 ko fiye.

Dalilin da na ce ba yanzu ba: ba a ba yaro shi sai ya iya kama kujera ya miƙe da kansa, yana bin gefenta ko bango yana takawa. Ga yara da yawa wannan na zuwa tsakanin wata 9 da 12. Alamar ce za ki bi, ki bar ƙirgen wata. A ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006, yara masu lafiya sun fara tafiya su kaɗai daga kusan wata 8 har zuwa kusan wata 18, duk daidai ne. A wata 7 abin da ɗanki yake so fili ne a ƙasa: shimfiɗa mai ɗan kauri wadda ba ta zamewa, a kwantar da shi rub-da-ciki yana farke, a ajiye abin wasa inda sai ya yi ƙoƙari zai kai. In buƙatarki ita ce inda za ki ajiye shi ki shiga wanka, gadonsa mai shinge ko kejin wasa na yara ya fi kowane keke.

Sai dai ba kowane na turawa ne na kirki ba, kuma a nan ne zaɓi yake. Na roba marar nauyi, irin mai fitilu da kiɗa a gaba, yakan tsere wa yaro a tayil, hannu ya yi gaba ƙafa ta tsaya, sai haɓa ko leɓe a ƙasa. Na katako mai akwati ya fi zama daram. Ko wanne ne, ki gwada shi da hannunki kafin ki biya.

Ki ajiye shi a ƙasa mai santsi ki tura da yatsa ɗaya. In ya wuce taki ɗaya ko biyu yana tafiya shi kaɗai, tayar ta yi sako-sako. Ki nemi wanda tayoyinsa na baya ke da noti ko maɓallin da ake ɗaurewa a rage gudu, kuma bakin tayar na da zoben roba. Sannan ki danna mariƙin ƙasa, ki ɗan ja shi baya, kamar yadda yaro zai yi in zai miƙe. In tayoyin gaba sun ɗaga da sauƙi, zai kifo masa a ƙirji. Wannan na faruwa ne idan mariƙin ya fita bayan tayoyin baya sosai. Wanda mariƙinsa ke daidai saman tayoyin ko ɗan gaba da su ba ya yin haka. Faɗin gindin ya fi faɗin kafaɗun yaro, kuma a samu fili tsakanin tayoyin baya, in ba haka ba duk takin da ya yi sai ya buga yatsa. Tsawon mariƙi kuwa, ki auna ɗanki a tsaye kafin ki fita: ya faɗo tsakanin cibiya da ƙirji. In ya yi ƙasa zai riƙa duƙawa, in ya kai kafaɗa zai rataya a jiki.

Ki duba ratar da ke tsakanin taya da jikin keken. Ko dai ta matse yadda yatsan jariri ba zai shiga ba, ko ta buɗe yadda zai shiga ya fita. Ta tsakiya ce ke datse yatsa. Duk wani abin wasa da ke jikinsa ki ja shi da ƙarfi, ki murɗa. Abin da ya cire kuma zai iya shigewa ta ramin kwalin da ke tsakiyar naɗin tishun bayan gida, zai iya shaƙe yaron da bai kai shekara 3 ba. Mai kiɗa, lallai murfin batirinsa ya zama na sukuru. Ƙaramin batirin nan mai kama da maɓalli, in ya tsaya a maƙogwaro, yana iya ƙone nama cikin awa 2. Na katako ki shafa gefunansa da bayan hannu saboda sartse, ki karce fentin da farce a wani lungu. In ya ɓare, ajiye shi, domin a baki zai ƙare, kuma tsohon fenti da marar inganci kan zo da dalma, wadda guba ce.

In kin kawo shi gida, ki ɗaure birkin, wato notin nan ko maɓallin rage gudu, sosai a makon farko, ki riƙa sassautawa kaɗan-kaɗan. Ki sa nauyin kilo 1 zuwa 2 a akwatin, can gaba a kan tayoyin gaba, ba kusa da mariƙi ba. Gorar ruwa mai lita 1.5 da aka ɗaure murfinta tam ta isa, ko littattafai uku. Ki fara masa a kan kafet, ƙafa ba takalmi ba safa, don safa a tayil zamiya ce. Wasu kan naɗa ƙananan robobi a taya don rage gudu. Kada ki yi, yaro zai ɓalle su ya kai baki. Duk bayan mako biyu ki bi sukurorin da sukundireba, na mariƙi ne ke fara kwancewa. Kuma shi ma taya gare shi: a rufe hanyar matattakala da ta kicin kafin a miƙa masa.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da masu sayarwa, musamman na intanet. Za a rubuta miki "daga wata 4" ko "daga wata 6" a kwali, wannan lissafin mai neman ciniki ne. Za a ce keken zama yana sa yaro tafiya da wuri, ko yana miƙar da ƙafar baka. Ƙarya ce. 'Yar lanƙwasar ƙafa a jarirai abu ne da aka saba, yawanci tana miƙewa da kanta wajen shekara 2, wadda ba ta miƙe ba kuma ta likita ce. Akwai kuma wanda ake kira "uku a ɗaya", wai na zama ne da ake juyawa ya zama na turawa. In an juya shi ba shi da nauyi, tayoyinsa na juyawa ko'ina, shi ya fi kowanne tserewa. Tambarin CE da ke jikin kwali, wanda ke nufin kaya sun cika ƙa'idar Turai, kowa na iya bugawa. Ki duba ko akwai sunan kamfanin da adireshinsa da takardar bayani a ciki. Kada ki yi cinikin biri a sama: ki ce a turo miki bidiyon ainihin wanda za a kawo, ana tura shi a ƙasa, a kifa shi ki ga tayoyi, a faɗa miki nauyinsa da tsawon mariƙi da santimita. Wanda ya ce "duk ɗaya ne da na hoton" ya ƙi aunawa, ki wuce. Na hannu ba laifi in na katako ne, amma ki duba tsagewa a inda mariƙi ya haɗu da akwati, da ramin sukurun da ya cinye aka toshe da gam.

In kuma an riga an kawo miki na zama kyauta, kina jin nauyin mayarwa, ki cire tayoyin gaba ɗaya ya zama wurin zama kawai. Ki saita tsawonsa yadda tafin ƙafa zai kwanta a ƙasa, ki ajiye shi nesa da tebur da waya, kada ya wuce minti 20 a ciki a zama ɗaya, wanda shi ne iyakar da hukumar lafiya ta Ingila ke ba da shawara. Sai ya iya zama da kansa ba tallafi za a sa shi. In ya cika wata 9 bai zauna shi kaɗai ba, ko ya kai wata 18 bai taka ba, ko kin ga yana jan ƙafa ɗaya, ki kai shi likitan yara ya duba.